Ƙarar Tafet a Motar Yaya

Yayana ya yi rabin rayuwarsa yana gyaran injinan saƙa a wata masaƙa da ke Bompai. Ranar da aka rufe masaƙar, abu biyu ya fito da su: kunnen da ya kusa mutuwa, da wata tsohuwar motar Amurka mai buɗaɗɗen baya, wadda masu kamfanin suka yasar a bayan sito har kaji suna ƙwai a cikinta. Zancen kunnen bai taɓa yarda a yi ba. In ka yi masa magana bai ji ba, to kai ne ba ka iya magana ba. Motar kuwa ya sa aka ja ta zuwa wata rumfa a Sharada, ya ce zai mayar da injinta na tsere.

Na tambaye shi, da ihu kamar yadda muke magana da shi a gida, tsere da wa? Daga gidansa a Panshekara zuwa rumfar nan, duk ranar da ka samu ka saka giya ta uku to hutu ake yi. Gaba tirela, baya adaidaita sahu, gefe mai kurar ruwa. Ya ci gaba da aikinsa, kuma har yau ban sani ba ko bai ji ba ne ko ya raina tambayar. Duk da haka kowace Asabar ina rumfar, ni ne mai miƙo sifana da amsa masa waya.

Ɗansa da ke Legas ne ya aiko masa da tafet. Ga wanda bai sani ba, kamar ni a lokacin, tafet wani ƙarfe ne mai kaurin babban yatsa, yana zaune a kan kamshaf, wani ƙarfe mai ƙusumbi da ke juyawa a cikin injin, yana tura sanda, sandar ta buɗe bawul, wato ƙofar shigar mai ko fitar hayaƙi. Na motocin masu hankali mai ne ke cika su, su daidaita kansu, ba ka jin motsinsu. Na Yaya ƙarfe ne zalla, kowanne da 'yar taya a gindinsa. Ya jiƙa su a baƙin mai cikin kwanon miyar matarsa, abin da ya jawo masa cin tuwo gaya a ranar. Ya zura su biyu-biyu, kowane biyu a haɗe da wani ɗan ƙarfe don kada tayar ta juya ta kwanta a gicciye. Sannan ya zo kan rata. Irin wannan tafet dole a bar masa 'yar rata siririya, saboda ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake yi. Ratar ce ke sa shi ƙara, kas-kas-kas kamar keken ɗinki, kuma in ka ɗaure ta ƙarar ta ɗauke, bawul ne zai ƙone. Yaya ya wuni yana zura geji, siririn ƙarfen auna rata, yana zarewa, harshe a waje.

Da injin ya tashi, sai ya ɗauko doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a murfin injin, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa. Na ga fuskarsa ta saki. Ya ce yana jin kowanne, har ya nuna min wanda ya fi sauran zaƙi. Nan na gane babu wani tsere. Mutumin da ya daina jin kiran sallah da kukan jikokinsa ya nemo abu ɗaya da har yanzu yake iya ji, ya ɗora masa tayoyi huɗu. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne garin da muke ciki. Babu makaniken da zai ji ƙarar tafet a Kano ya wuce, don a wurinsu ɗaure ta sadaka ce. A gosulo ɗin Dorayi wani mai babur ya ƙwanƙwasa mana gilashi, ya ce Alhaji tafet, ya ɗaga sifana daga aljihu. A gidan mai, mai zuba man ya rantse minti kaɗan zai yi masa, kuma ba ya son komai. Mun je ta'aziyya Na'ibawa, muka fito muka tarar da bonet a buɗe, mutum biyu sun cusa kai ciki, na uku yana riƙe musu huluna. Suka ce fisabilillahi ne. Ɗayan har ya ce tun muna fakin ƙarar take sukar ransa, ya kasa nutsuwa a addu'a. Yaya ya bi su da takalmi a gaban masu makoki, ni kuma na tsaya ina ba da haƙuri ta kowane ɓangare.

Washegari ya sayo sarƙa da kwado irin na shago ya ɗaure bonet. Mutanen layin suka yanke hukunci cewa kurumta ce ta hana shi sanin motarsa ba ta da lafiya. Suna faɗa a gabansa, tunda ba ji yake ba, ni ne nake shanye haushin.

A rumfar da ke jikin tasa akwai tsohon abokinsa, makanike mutumin Filato, tare suka yi masaƙa. Suna da wata al'ada tun da: ranar Juma'a in Yaya zai tafi masallaci sai ya bar masa makullansa duka, ranar Lahadi shi kuma ya bar wa Yaya nasa ya tafi coci. Mutumin nan ya daɗe yana jin ana yi da abokinsa a layi, abin yana cin ransa. Yaya ya sha yi masa bayanin ratar, amma shi a ganinsa girman kai ne kawai irin na wanda ba ya son a ce bai ji ba.

Wata Juma'a muka dawo daga masallaci muka same shi yana goge hannu da tsumma, yana ta murmushi. Ya ja ni gefe ya ce ya rufa wa Malam asiri, ya ɗaure su duka, daga yau babu mai sake yi masa dariya. Kafin in buɗe baki Yaya ya riga ya murza makulli. Injin ya tashi lumui, shiru kamar motar likita.

Yaya ya buɗe kwado, ya ɗauko sukundirebarsa ya kafa. Ya matsar da ita gaba. Ya koma ɗaya gefen, ya canza kunne, ya danna ƙotar har fatar wurin ta yi fari. Sai ya ajiye ta a hankali, ya je ya zauna a benci. Bai zargi injin ba ko kaɗan, don shi ya haɗa shi da hannunsa.

"Shi ke nan," ya ce da ni. "Sauran jin ma ya tafi. Kada ka gaya wa yara tukuna."

Na durƙusa na yi masa ihu a kunne cewa ɗaure su aka yi. Ya ɗauka lallashi nake yi, ya dafa kafaɗata ya ce Allah ne ya ba shi, shi ya karɓe abinsa. Abokin nasa yana tsaye da tsumma a hannu, murmushin ya bushe.

"Oga," na ce masa, "ku kashe injin nan ku kwance abin da kuka ɗaure."

Ya kashe injin. Ya cire murfi, injin da zafinsa yana ƙona masa yatsu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sassautawa. Geji yana aljihun Yaya, shi kuma ya kasa zuwa ya karɓa, sai ya yi da ido, kuma saboda tsoro ya zarce. Da na murza makulli motar ta ɗauki ƙara kamar ana dakan ƙarfe a maƙera. Mai shayin layin ya leƙo, masu walda suka tsaya, na hango wani daga nesa ya taho da sifana.

Muka kamo Yaya muka kawo shi, abokin ya kafa masa sukundirebar da kansa. Yaya ya manna ƙotar a bayan kunnensa. Hawaye ya gangaro masa har cikin gemu, bai share ba.

"Ratar ta yi yawa, jakin banza," ya ce. "Wa ya koya maka aiki?"

Na miƙa hannu zan kashe injin don a gyara. Ya riƙe min hannu, ya ce in bar shi tukuna.