Ruwan Tokar Goggo

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina da rumfar atamfa da leshi a Babbar Kasuwa, ina zaune a Ƙofar Sauri da 'ya'yana da Goggo, ƙanwar mahaifina. Maigidana ya riga ya rasu. Da tallan ɗankwali gida-gida na fara, har na kai ina saro dila daga Kano da kaina, don haka ni ba mace ba ce mai saurin firgita. Abin da ya kai ni asibiti ma ban ɗauke shi ciwo ba. Fuska ce.

Ƙuraje ne suka yi mini zobe a haɓa da muƙamuƙi, manya masu zafi, ba sa nuna ba sa fashewa, in sun lafa su bar baƙin tabo. Ga gashi jefi-jefi yana fitowa a haɓar, ina tsige shi kafin in fita. Na yi sabulun salo, na yi dilka, na shafa duk abin da aka ce a shafa. Mai sayar wa mata kayan ado da fuskarta take ciniki. Wata rana wata mai sayayya ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke da kika aurar da ɗiya, yanzu kuma ƙurajen 'yan mata?" Aka yi dariya, na taya su, washegari na tafi asibiti.

Kafin in ga likita, ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini abin awon jini a damtse, ta matsa, ta saki, ta dube ni, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ta ce, "Akwai mai hawan jini a danginku?"

Akwai. Innata a bakin turmi ta faɗi, da taɓarya a hannunta. Shekaru ta yi a kwance, ɓarin jikinta a shanye. Ni nake juya ta, ni nake wanke ta. Bakinta ya karkace, tana so ta ce ruwa sai yawu ya zubo, idanunta kuwa sun san komai. Mutuwa ba ta taɓa damuna ba, kowa da ranarsa. Wannan kwanciyar ce nake tsoro, a ɗaga ni a ajiye, ina ji ina gani.

Likitan, wani dattijo mai maganar Katsinawa, ya ce ƙurajen da gashin daga cikin jiki suke, sabulu ba zai kai gare su ba. Ya ce akwai ƙwaya ɗaya da za ta yi aikin biyu, ta sauke jini, ta kuma kwantar da fuskar sannu a hankali. Ya ce tana sa yawan fitsari, mai ciki ba ta shanta, kuma in dawo a auna jinina nan gaba. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Gishiri, kanwa, magi. Ki yi sallama da su, Hajiya."

Maganar fitsarin gaskiya ce. Nakan sha ƙwayar da safe, kafin hantsi ya dubi ludayi na fara zirga-zirga zuwa gidan wata tsohuwa da ke bayan kasuwa. Alwala kuwa ba ta zama. Maƙwabcin rumfata, wani Alhaji mai sayar da yadin maza, shi yake duba mini kaya in na fita. Yakan ce, "Hajiya, in kin gaji da atamfa ki tsaya takara, yawon kamfen ba zai ba ki wuya ba." In ce masa, "Kai dai tsare mini leshi, Alhaji, in na ci zaɓe kai ne kwamishinan gadi."

Abincin ne ya gagare ni. Goggo ce mai girkinmu, ta ware mini tukunyata ba gishiri ba kanwa. Tuwo da miyar kuka lami, kamar kana cin yauƙin banza. In yi loma kaɗan in ture kwano. Ga zafin bazara, ga fitsari, sai na fara zubewa, zani yana kwance mini a ƙugu. Goggo tana kallo, har ranar da ta aika ƙauye aka kawo mata damin karan gero.

Ta ƙone karan a bayan gida, ta kwashe tokar ta zuba a wata tsohuwar ƙwarya mai huji, ta shimfiɗa tsumma a ƙasanta, ta ɗora a bakin tukunya, ta zuba ruwa yana tarara. Ruwan ya fito ja-ja kamar shayi. Ta ce a ƙauyensu lokacin da gishiri yake wuya, da wannan aka rayu, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya faɗi ba.

Na ce, "Goggo, likita fa ya hana."

Ta ce, "Mi ya hana? Ya ce gishiri, ya ce kanwa. Kin ji ya ce toka?"

Bai ce ba. Ni ma da na juya maganar sai na ga ba ta da aibu. Karan gero ne da ruwa, abin da muka sani tun muna yara. Ranar na ci tuwo har na suɗe hannu. Daga nan sai ya zama a miyata akwai ruwan toka rana da dare, a kunun safe ma shi ya maye gurbin kanwa. Babu wanda ya san cewa toka da wannan ƙwayar ba sa zama a jiki ɗaya, daga ni har ita.

Lokacin kasuwa ta buɗe. Ana shirin rantsar da sabuwar gwamnati, matan waɗanda suka ci zaɓe da ƙawayensu da 'yan rakiya kowa na fitar da anko. Wata ta zo ta ce launi kaza take so, kada a sayar wa matar wane irinsa. Ina tsakiyar wannan hada-hada na fara jin leɓɓana suna yi mini tsikari, kamar tururuwa na yawo a kansu. Sai yatsun hannu. Sai ƙafafu suka yi nauyi, in na hau dakalin rumfa sai na dafa gwiwa. Zuciyata kuma ta riƙa wani abu: ta buga, ta buga, ta yi shiru, har sai na riƙe numfashi ina jiranta, sannan ta dawo.

Ban yi shakka ba, na ce ciwon Inna ne ya iso. Na sayi ɗan madubi na ɓoye a jaka. In ba kowa a rumfa sai in fito da shi in yi murmushi, in ga ko bakin ya karkace. In ɗaga hannu biyu in ga ko ɗaya zai zame. In faɗi sunayen atamfofi a hankali in ji ko harshe ya yi nauyi. Da safe kafin in buɗe ido sai in fara motsa yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. A sallah, in na yi sujada, tsoron ɗagowa nake yi.

Ban gaya wa kowa ba. A kasuwa in aka ji an ce wance ta kusa faɗuwa, tun kana tsaye za a fara rabon masu sayayyarka. Na ce bari hidimar nan ta wuce in koma wa likita. A tunanina jinin ne yake ƙara hawa, don haka na ƙara riƙe ƙwayar da kyau, ko ruwan kasuwa mai ɗan gishiri-gishiri na daina sha. Goggo kuma da ta ga ina jan ƙafa, sai ta ce rashin ci ne, ta ƙara yawan kunun, har a kwano take aiko mini da shi rumfa da rana. Tana ba ni don in yi ƙarfi, ina sha don in yi ƙarfi.

Ranar da abin ya faru, wajen azahar ne. Wata mata ta nuna turmin atamfa a saman kanta. Na miƙa hannu na sauko da shi, na zauna a kan benci don in warware mata. Da na zo tashi, ƙafafun suka ƙi. Na dafa bencin na yunƙura, suka lanƙwashe kamar igiya. Na koma na zauna. Na naɗe mata atamfar a zaune, na yi mata godiya, na jira ta fita, sannan na kira maƙwabcina.

"Alhaji, leƙo."

"Wani kamfen ɗin ne?"

"Dubi bakina. Ya karkace?"

Ya daina dariya. Ya dube ni sosai ya ce, "Daidai shike, Hajiya. Lahiya?"

"Ƙafafuna ba su ɗaukata. Ka samo mota ta ƙofar baya, kada ka yi hayaniya. Ka kira mini matan can biyu masu kayan koli, ka aika a gaya wa Goggo."

Su suka tallafe ni zuwa mota, ƙafafuna na jan ƙasa. Abin da nake tunani a hanya shi ne ɗakin da za a kwantar da ni, da ɗiyata da ba ta daɗe a gidan miji ba, yadda za ta baro ɗakinta ta zo tana juya ni.

A asibiti likitan ya auna jinina, ya ce bai hau ba. Ya riƙe wuyan hannuna ya daɗe yana sauraro, fuskarsa ta canza. Ya sa aka ɗebi jini aka ruga da shi, aka liƙa mini wayoyi a ƙirji. Ya ce in matse yatsunsa da hannu biyu, in ɗaga gira, in fito da harshe. Ya ce, "Wannan ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. Mai shanyewa gefe guda yake mutuwa, ke duka biyun ne suka yi sanyi." Ban yarda da shi ba. Na ɗauka lallashi ne irin wanda muka yi wa Inna.

Goggo ta iso da mayafinta a karkace daidai lokacin da sakamakon jinin ya dawo. Likita ya duba takardar ya ce, "Hajiya, mi kike ci?"

Goggo ta karɓe. "Likita, ni ke yi mata girki. Tun ranar da ka hana, gishiri bai shiga tukunyarta ba, kanwa ma haka. Ruwan toka kaɗai nike sa mata, na karan gero, mai kyau, da hannuna nike tacewa."

"Kullum?"

"Safe da rana da dare. Ba don shi ba da ba ta cin komi."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Ya ce, "Baba, akwai wani irin gishiri da ke cikin toka, ba irin na miya ba. Lafiyayye in ya ci, fitsari ke fitar da shi. Ita kuwa ƙwayar da na ba ta riƙe shi take yi a jiki. Ya taru ya yi yawa, shi ya kashe mata ƙafafu, kuma shina iya tsayar da zuciya. Da na lissafa abin da za ta bari, toka ba ta zo mini a rai ba."

Goggo ta dubi tafin hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ashe ni ce."

Ni kuwa kalmar tsayar da zuciya ce ta tsaya mini. Aka kwantar da ni, aka sa mini ruwa da allurai, aka dakatar da ƙwayar. Na tambayi likitan ko ƙafafun za su dawo. Ya ce yana sa rai, in gishirin ya sauka. Na san wannan irin amsar, ni ma ina ba masu tambaya ko atamfa za ta zuba. Na kwanta ina sauraren zuciyata, duk shirun da ta yi sai in ce shi ke nan. Goggo na zaune a ƙasa gefen gado da carbi, ta ƙi hawa kujera, ta ƙi cin abin da aka kawo.

Washegari da hantsi fitsari ya matsa mini. Ma'aikaciyar jinya ta kawo tasa za ta tura mini ƙarƙashi, irin wadda na yi shekaru ina tura wa Inna. Na ce ta ajiye. Na zuro ƙafafuna ƙasa, na ji sanyin siminti a tafin ƙafa. Na riƙe ƙarfen gado na miƙe. Gwiwoyina suka yi rawa, amma suka tsaya. Na ɗaga ta dama, ta bi. Na ɗaga ta hagu, ta bi. Banɗakin yana can ƙarshen ɗaki, na tafi ina dafa gadajen mutane ina ba su haƙuri, Goggo na biye da ni da hannuwa a buɗe, ba ta taɓa ni ba.

Da na fito na same ta jingine da bango. Ta ce, "Ɗiyar nan, ki nemi mai yi miki girki. Ni na sauke."

Na ce, "Goggo, tare muka yi shawarar, kuma ni na suɗe kwano. In kin sauke wa zai ciyar da ni?"

"Lami za ki ci har abada."

"Na ji. Ki ƙara albasa da citta."

Ta goge ido da bakin mayafi ta ce sai ta tambayi likita tukuna, albasar ma. Ta kuwa tambaye shi, da citta, da tafarnuwa, da daddawa, har da ruwan rijiyarmu, yana amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Bayan jinin ya daidaita ya mayar da ni kan ƙwayar, ya rage ƙarfinta, da sharaɗin awon jini a kai a kai, ban kuma taɓa tsallakewa ba. Fuskar ta ɗauki watanni kafin ta lafa.

Ranar da aka sallame ni, Alhaji ya aiko da mota don ta kai mu har ƙofar gida. Na ce wa direban ya sauke mu a bakin titi. Goggo ta ce, "Da sauran tahiya fa, ga rana." Na ce na sani. Na ba ta ledar magani ta riƙe, na shiga lungun da ƙafata.