Kwanon Alkakin Inna

Asubar fari muka bar gida, ni da kawuna, bayan an gama cirar gyaɗa. Takarda ce ta zo daga Kaduna cewa yayana, wanda ke ɗinki a Makera, yana kwance, wai likita ya ce ciwon sukari ne. Mu a ƙauye ko sunan ba mu taɓa ji ba. Inna, mahaifiyarmu, ta yini tana tuya, ta cika kwano da alkaki, ta malala masa zuma, ta ɗaure da ƙyalle. Abu ɗaya ta ce mini a bakin zaure: in tabbata ya ci a gabana, in dawo in gaya mata.

A tashar jirgin ƙasa buhunan gyaɗa sun fi rufin ofis tsawo, suna jiran a kai su Ikko. Jirgin kuwa ya cika maƙil da mutane da kaji, ga hayaƙin kwal yana shigowa ta taga. Duk inda muka tsaya mata sun yo ca da tallar gyaɗa da ƙuli-ƙuli da aya, na kwabo sai ya cika hula. Kawu ya sayi gyaɗa ya yi ta ɓarewa, ɓawon yana zuba a rigata. Ya miƙo mini na ƙi. Ni da nake kwana a kan buhunta, in saye ta a hanya?

Da muka hau gadar kogin Kaduna, Kawu ya leƙa kogi yana neman kada, bai ga ko ɗaya ba, ya ce an cuce shi. Muka sauka a ƙetare muka taka zuwa Makera. Ko'ina ƙarar guduma da ƙaurin suya, ana ciniki da Hausa ana faɗa da Turanci.

Wallahi ban gane Yaya ba. Mutumin da ke ɗaga buhu da hannu ɗaya ya koma ƙashi da fata, ga tulu a gefensa yana ta shan ruwa, ga gyambo a ƙafa. Keken ɗinkinsa an lulluɓe shi da zane. Na kwance kwanon, ya shinshina, ya tambaya ko Inna ce ta yi da hannunta. Matarsa ta buɗe baki za ta yi magana, na galla mata harara. Wa ya isa ya shiga tsakanin uwa da ɗanta? Ya ci, ni da Kawu muna ta cewa ya ƙara. Kwana biyu kwanon ya kusa ƙarewa.

Rana ta uku maƙwabcinsa ya shigo, wani Kirista mutumin kudancin Zariya, malamin asibiti, mai wanke masa gyambon. Yana ganin kwanon ya tsaya cik. Ya bayyana mini a hankali cewa zaƙi ne ke ƙara rura ciwon. Likita ya ce Yaya ya bar zuma da sukari, ya rage tuwo, in yunwa ta taso ya ci ɗan gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, da miyar ganye mai ɗan man gyaɗa. Ya ce gyaɗa ba magani ba ce, amma tana riƙe ciki ba ta tayar da ciwon. Na tambayi Yaya ko ya san haka.

Ya ce, "Na sani. To da me za ka koma wa Inna?"

Washegari ya daina gane mutane. Muka ɗauke shi zuwa asibiti a hayin kogi, suka karɓe shi, ba wanda ya yi mana alkawarin komai. Kawu ya zauna da shi, ni na kamo hanya. A jirgi mata suka miƙo gyaɗa ta taga, na kau da kai, hawaye ya ƙwace mini.

Abin da tafiyar ta koya mini mai ɗaci ne: na tsallake rumbun abin da yayana ke bukata, na ɗauki abin da zai cuce shi, na kuma hana mai gaskiya magana. Yanzu ina ɓarar gyaɗar da zan aika, ban san ko za ta tarar da shi ba.

Ran da na iso, Inna tana bakin zaure. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba, ta ce, "Ya ci?"

Na ce, "Ya ci, Inna."

Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ta shiga gida neman sauran zuma.