Ruwa Ba Ya Hawa Tudu

Shekarar da yayana ya faɗi da mashin a hanyar Bunkure, ƙafarsa ta dama ta karye gida biyu. Ƙashi ya haɗu, amma mutumin bai dawo ba. Shi ne fa wanda ake aikowa a kira in ruwa ya ƙi shiga gonar wani. Sai ga shi wata biyar a zaure, fuska ga bango, ko kanzil ba ya cewa. Inna ta yi kuka har ta gaji. Ni kuwa haushi nake ji da tsoro, don na ga alamar a haka zai ƙare.

A zauren nan nake tara abokaina biyu bayan la'asar, wani tela da wani ɗan Filato mai aiki a injin casar shinkafa, mu yi wasan da na koyo ina karatu a Kano. Ni zan ƙirƙiri ƙasa, in zana taswirarta, in zama bakin duk wanda ke cikinta. Su kuma kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya ce ga abin da zai yi. In abin da hatsari, a jefa ɗan ludo ya yanke hukunci. Ba a cinye kowa, ba ya kuma ƙarewa. Inda suka ga dama nan suke nufa.

A bayan kwalin taliya na zana ƙasar. Ga fadama, ga ƙauye, ga dutse, cikin dutsen kogo, cikin kogon dodo mai kai uku yana gadin zinariya. Sati biyu na yi ina tsara dodon nan. Amma 'yan banzan nan suka ɓige da yawo a kasuwar ƙauyen, ko kallon dutsen ba su yi ba.

Wata rana ina ƙoƙarin jan su can, na ce kogin ya taso daga fadama, ya ratsa ƙauye, ya haura ya shige kogon. Sai na ji murya a bayana.

"Ƙarya ne."

Na waiwaya. Yaya ne, ya juyo da fuskarsa.

"Ruwa ba ya hawa tudu. Wane jaki ne ya zana wannan?"

Jakin kuwa ni ne. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba, amma bakina bai iya shiru. Na ce, "Yaya, ƙasata ce fa. In na ce ruwa ya hau, ya hau."

"To ka yi ta babu hankali. Miƙo nan."

Ya karɓi kwalin da fensir, ya juya kogin, ya sa ya gangaro daga dutse. Sannan ya tambaye ni me mutanen ƙauyen ke nomawa da rani. Ina na taɓa tunanin wannan? Na ce ba sa noman rani. Ya yi mini wani kallo kamar na ce ba sa sallah.

"Ga kogi a ƙofar gida, su zauna su naɗe hannu? Ba ni mutum ɗaya a cikinsu."

Daga ranar wasan ya fi ƙarfina. Suka fara haƙa kanal. Na ƙirƙiro musu wata tsohuwa mai taurin kai wadda dole kanal ɗin ya ratsa gonarta, don in ga ƙarshensu. Zama uku Yaya ya yi yana lallaɓa ta, yana ce mini "Iya" ba ko dariya, har ni da kaina na rasa abin musu. Suka raba ranakun ban ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, tela da ɗan Filato suka yi cacar baki a kai kamar gonakin ubanninsu ne. Da suka bi kogin har tushensa suka tarar da dodona, na gyara zama, na ce yau za a yi ta. Yaya ya tambaya ko kawunan uku tare suke barci. Na ce a'a. Ya ce, "Alhamdulillahi, mun sami mai gadin ƙofar ruwa." Aka jefa ɗan ludo, shida ta fito. Dodon da na yi sati biyu ina wasa masa haƙora ya kama aiki.

Nakan kalli kwalin nan in yi ta mamaki. Ni na zana shi, amma ƙasar da ke kai ban san ta ba. Tana da shinkafa, tana da rigima, mutanenta na da ranar ruwa, duk daga kan mutumin da muka ɗauka ya tafi ya bar mu.

Wata Laraba, muna tsakiyar wasa, ya ajiye fensir.

"Shinkafarmu ta gaske, wa ke ba ta ruwa?"

Na ce ni.

"Kai? Innalillahi! Ɗauko mini sandata."

Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai da rana ta yi ja muka isa, yana dogarawa, yana hutawa, yana yi mini faɗa. Ya tsaya a bakin kanal ya daɗe yana duban gonar. Ya ce na shaƙe rabi da ruwa, rabi na bar ta da ƙishi, in shiga in toshe ƙofar ruwa ta gabas. Na shiga laka har gwiwa, na sunkuya na ba shi baya don kada ya ga fuskata.

"Kuka kake ko aiki?"

Na ce, "Aiki, Yaya."