Sabuwar Kwamfutar Malam Bitrus

Jiya na kai wa Malam Bitrus, wanda ya koya mana kwamfuta a Gummi, sabuwar laftof, domin tsohuwar da yake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da ita ta fara mutuwa.

Ya ga jan tambarin kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwarta, ya ture ta.

"Ɗana, wanga ai zafi yake yi. A zamaninmu mai shuɗin tambari kaɗai muka yarda da shi."

Na ce, "Malam, yanzu manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet ma rububinsa suke yi."

Sai ya karɓa. Ya ɗauko ƙyalle ya lulluɓe tsohuwar a hankali, na ji kamar ƙuruciyata ya rufe.

Ku fa, wa ya fara ɗora hannunku kan kwamfuta?