Kawu Kofur da Rigar da Aka Ba Mai Roba

Duk wanda ya san Kawu Kofur ya san ba ya fara kallon fuskar mutum. Kafaɗa yake fara dubawa, ya gangaro kan maɓalli, sai ya gama sannan ya amsa sallama. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ne kuma mai goya shi a babur, saboda haka na fi kowa shan wahalar wannan hali. Kun dai san ni da fargaba. Ko kwano ne ya faɗi a gidan maƙwabta sai na leƙa na tambayi lafiya.

Kuna tuna bikin nan na Bunguɗu? Mai gadin wurin ya sha kakinsa, ya manna igiya uku a hannu, yana ta hura hanci. Kawu ya tsaya gabansa ya karkace kai.

"Samari, wace bataliya?"

"Ta nan ce, Baba."

"Ta nan ina? Igiyar saje ƙasa bakinta yake kallo. Taka ta ɗaga kai sama, roƙon ruwa take yi?"

Na ja hannun rigarsa ina cewa, "Kawu, don Allah mu wuce, shinkafa za ta ƙare." Ina! Sai da ya aro allura wurin matan gida, ya zaunar da bawan Allah, ya farke igiyar ya juya ta. Da ya zo ɗinkewa kuma ya rage ɗaya ya jefa aljihu. Wai bai ga alamar saje a tsayuwarsa ba.

Abin da ya jawo duk wannan rigarsa ce, ta kakin da ya baro soja da ita, mai igiya biyu da maɓallan tagulla. Shekarar da ya kwanta asibiti a Gusau, mai musayar tsofaffin kaya da robobi ta shigo gida, matarsa Inna Abu ta zaro rigar daga ƙasan adaka ta karɓi baho. Baho shuɗi! Da ya dawo ya ji labari bai yi faɗa ba. Ya daɗe tsaye yana kallon bahon, sannan ya ce, "Abu, yaƙi bai raba ni da rigar nan ba, sai roba." Har ya bar duniya bai taɓa bahon ba, in zai wuce ma kewaye shi yake yi. Ya kuma rantse sai ya nemo abarsa.

Daga nan na shiga uku. Ranar kasuwar Mada muna Mada, ranar Bilbis muna Bilbis, layin 'yan gwanjo. Kun kuwa san zamanin da muke ciki. A kama ka da kakin soja a hanyar Tsafe, wa zai tsaya ya ji cewa na kawunka ne? Kullum addu'a biyu nake yi a kan babur: Allah ya sa Kawu ya ga rigarsa, Allah kuma ya sa kada ya gan ta ranar da ni na ɗauko shi. Da yake kullum ni ke ɗauko shi, har liman na je na tambaya ko addu'o'in ba sa cin karo.

'Yan gwanjo suka gane shi. Wani a Mada ya tare mu yana ɗaga riga. "Kofur, ga ta! Wallahi daga bariki ta fito!"

Kawu ya shinshina wuyanta, ya juya ɗinkin, ya sa maɓalli a baki ya gatsa.

"Roba ce aka shafa wa ruwan gwal. Dubi gaggafar da ke kai, kamar kazar da ruwa ya doka. Wagga ta 'yan gangar makaranta ce."

"Haba Baba, ka fasa mini maɓalli!"

"To ka gani? Da na gaske ne, haƙorina ne zai fashe."

Inna Abu ma da ta gaji da zaman zullumi duk ranar da muka fita, sai ta sa tela ya ɗinka wata, ta dama ta da toka don ta yi kama da tsohuwa, ta ce an tsinto. Telan kuwa mai hannun kyauta ne, ya jera taurari a kafaɗa. Kawu ya duba ya ce, "Abu, ki gai da telan. Abin da gwamnati ta kasa yi mini shi ya yi, na kwana kofur na tashi kyaftin."

Amma ranar da na tabbata kwanana ya ƙare ita ce ta shingen sojoji, gab da Tsafe. Tun daga nesa na sauka ina tura babur, takardu a hannu, bakina sai salati. Wani matashin soja ya ce, "Ina za ku?"

Kafin na buɗe baki Kawu ya ce, "Neman kakin soja."

Innalillahi! Shi kuwa ya matsa har gaban bindiga yana leƙen tambarin kafaɗar yaron.

"'Yan igwa ne ku, na gane. Amma wa ya yi maka guga?"

"Ni na yi, Baba."

"Da dutsen guga, ko kwanciya ka yi a kai?"

Abokansa suka fashe da dariya. Da suka ji labarin baho kuwa har da mai riƙe ciki. Suka ƙame suka sara wa Kawu. Ni ko ba wanda ya sara mini, ruwa dai aka ba ni, don na kasa tada babur.

Ƙarshen daminar bara muna dawowa ta wajen Kucheri, dawa ta fitar da kai, sai na ji Kawu ya mintsine ni. "Tsaya!" Na ɗauka mutanen daji ya hango, na kusa zubar da mu a kwalbati. Ashe mutum-mutumi ne a tsakiyar gona, kansa tsohuwar ƙwarya, jikinsa rigar kaki da rana ta cinye.

Kawu ya kutsa cikin dawa, ina biye ina roƙonsa. Maɓallan sun yi kore, igiya biyun sun koɗe. Bai gatsa komai ba. Murfin aljihun hagu kawai ya ɗaga, sai ga tabon ƙuna.

"Ni na ƙona ta da dutsen guga ranar fareti," ya ce a hankali. "Na sha gwale-gwale a kanta."

Mai gonar ya iso, wani dattijo da lauje a hannu. Da ya ji bayani ya ce, "A gwanjo na saye ta. Tun da na sa wa mutum-mutumin nan ita tsuntsu bai sauka gonar nan ba, birai ma daga nesa suke leƙe. Amma in taka ce, Baba, ɗauki abarka."

Ni tuni na fara tunanin inda zan cusa ta. Ƙarƙashin kujerar babur? Nan suke fara dubawa. Cikin wando? In aka laluba fa?

Kawu ya matsa kusa da mutum-mutumin. Ya ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya gyara wuyan rigar, ya kaɗe kashin tsuntsu daga kafaɗa. Ya ja baya, ya ƙame, ya sara.

"Bar ta, Malam. Ni a adaka na kulle ta, kai ka ba ta gadi. Ba a ɗauke soja yana bakin aiki."

Na goya Kawu muka kama hanyar gida. Ya kifa kansa a bayana, na ji rigata tana jiƙewa. Ban waiga ba, na dai rage gudu.

Bai sake cewa mu je kasuwa ba. Ana gama girbi ya kwanta, bai tashi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya tufatar da shi da tufafin Aljanna, ya ba Inna Abu haƙuri, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a hanyoyin nan da muka bi tare. Amin.