Neman Wardin Tsakar Gidana, Daga Maska Zuwa Malumfashi

Maska

Ana sallame sallar asuba na ɗaura zane na fito, ni da sandata. Abin da ya tayar da ni, jama'a, wardi ne. Shekara arba'in yana bakin rijiyata, marigayi maigidana ya dasa shi, bara gara ta cinye saiwarsa ya bushe ƙurmus. Ga idona kuma yana ta rufewa da yana. Na ce kafin duhu ya gama saukowa, sai na nemo irinsa.

Mai babur ya ce, "Iya, ina zuwa da duku-duku haka? Ko sabon miji aka samu?"

Na ce, "Ja mu tafi, ja'iri. Da miji ne ai shi zai zo."

Funtuwa

Rana na ɗagowa muka iso wurin mai sayar da shuke-shuke a bakin titi. Ya jero mini leda-leda. Na farko ja ne jawur, kansa kamar dunƙulen hannu. Na kai hanci, ba komai, kamar na sansana ƙyalle. Na biyu ruwan ɗorawa, ganyensa na sheƙi, ƙayarsa manya, ɗai-ɗai. Na uku fari ne ƙanana, mai hawa katanga.

Na ce, "Malam, nawa ruwan hoda ne, furensa ninki bisa ninki. Ƙayarsa ƙanana ce, cunkus kamar gashi. Ganyensa kaushi gare shi. Ƙanshinsa kuwa daga zaure yake tarbar baƙo."

Ya shiga ciki ya fito da wani mai ƙaton gindi. "Hajiya, ga shi, wardin sahara."

Na ce, "Ɗana, kariya ce wannan. Tun ba a haifi uwarka ba nake ganinta a bakin gona."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce irin nawa ba ya shiga kasuwa, sai tsofaffin gidaje. Nan na tuna Saratu, ungozomar asibiti, Kirista, wadda ta karɓi haihuwar autana. Ranar sunan yaron, ba ni da abin ba ta, na yanko mata reshe ɗaya. Daga baya na ji ta koma Malumfashi.

Bakori

Da hantsi na shiga bas, mu huɗu a kujerar mutum uku, buhun masara a kan ƙafata. A Bakori aka tsaya zuba mai, na sayi ƙosai na karya. Gaba kaɗan sai shinge. Ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Mama, ina za ki?"

Na ce, "Neman fure."

Ya dube ni, ya dubi direba, ya ce, "Ku wuce, Allah ya ba da sa'a."

Malumfashi

Daf da azahar muka sauka. Tambaya kan tambaya, daga mai shago zuwa mai niƙa, har na samu gidan a bayan coci. Wata dattijuwa ta amsa sallamata, Rifkatu, 'yar Saratu. Ta ce uwarta ta rasu shekara uku ke nan. Na zauna a dakali na yi mata ta'aziyya.

Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta kai ni bayan ɗaki. Gindi shida a jere, duk an datse su saboda damina, sabon tofo kawai, ko fure ɗaya babu.

Ta ce, "Iya, ki dawo nan da wata biyu, sun yi fure, ki zaɓa da idonki."

Na ce, "'Yata, idon nan ba shi da alkawarin wata biyu."

Na durƙusa na bi su da hannu. Na farko ƙaya mai lanƙwasa kamar farcen shaho, ba shi ba ne. Na biyu da na uku ganye sumul. Na huɗu kusan ba ƙaya. Na biyar, ina kama shi ya cika mini tafin hannu da ƙananan ƙayoyi, har jini ya tsatso. Na murza tofonsa, yatsuna suka yi danƙo, na kai hanci. Wallahi sai ga ni a bakin rijiyata.

Na ce, "Wannan ne."

Rifkatu ta ce, "Shi ne Mama ba ta yarda kowa ya sa wa wuƙa sai ita. 'Yar Maska take kiransa. Ban faɗa miki ba, so nake in ga ko ke ce mai shi."

Ta miƙo mini wuƙar. Na yanki reshe uku masu ƙwari, kowanne tsawon taƙi, na soke gindinsu cikin dankali, na naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ta hana ni tafiya ranar. Ta shimfiɗa mini tabarmar salla, ta yi mini tuwon masara miyar kuɓewa, na kwana a ɗakin uwarta.

Komawa gida

Washegari da sassafe ta sa ni a mota da kanta, ta ce wa direba, "Ka lallaɓa da ita, uwata ce." Ƙunshin yana kan cinyata har Funtuwa, ban bar kowa ya jingina da shi ba. Kafin la'asar ina Maska.

Na haƙa rami na zuba toka saboda gara, na dasa reshe ɗaya a bakin rijiya, na kife shi da fasasshen tulu. Sauran biyun kuwa ban ko sha ruwa ba na fita da su, ɗaya gidan Hajiya Binta maƙwabciyata, ɗaya gidan 'yar ƙanwata. Shekara arba'in ina shayar da nawa ya mutu, wanda na bayar rana ɗaya shi na je na tarar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Rifkatu. Na gode wa Saratu, da ta riƙe mini amanar da ban san na ba ta ba.