Dutsen da na kai Dhaka na dawo da shi

Muna sallame sallar asuba muka ɗaga daga Largo, garin da nake zaune a Maryland, ni da abokin tafiyata, muka nufi filin jirgin Dulles gari bai gama wayewa ba. Da yawa cikinku kun tambaye ni me ya kai Badamagare Bangladesh, ƙasar da ba dangin iya ba na baba. To ga yadda aka yi.

Abokin nan nawa mutumin Dhaka ne, babban birnin ƙasar. Shekara da shekaru muna jan taksi tare a Washington, muna bin layi ɗaya a bakin otal-otal na unguwar Northwest, muna raba shayin fulas ɗaya in sanyi ya matsa. Tun yana saurayi ya shigo Amurka, takardunsa na zama suka ƙi fitowa. Yana cikin wannan jiran mahaifiyarsa ta rasu, shekara huɗu ke nan, bai ga gawarta ba, bai ɗauki makararta ba. Ina kusa da shi ranar da aka bugo masa waya, ya kifa kai a kan sitiyari, motocin baya suna ta danna oda. Bara takardun suka fito. Abu na farko da ya yi shi ne ya je wurin masu sassaƙa a nan Maryland, aka yi masa allo na farin dutse, aka zana sunanta da rubutun ƙasarsu, don ya kafa shi a kan kabarinta da hannunsa. Wannan ne kaɗai abin da zai kai shi gida.

Ni kuwa cewa ya yi in raka shi in ga tsohon birninsu, 'yan kwanaki ne, ai kasuwar taksi ma ta mutu tun da motocin da ake kira ta waya suka fito. Sai a wurin awon kaya na gane ashe ɗan dako ya ɗauka. Akwatunansa sun cika da tsarabar dangi, dutsen kuwa sai a nawa akwatin, an naɗe shi cikin bargo. Na ce masa, "Wato da jaki ka zo, ba da baƙo ba." Ya yi dariya har da buga cinya. Ban ƙara jin irinta a bakinsa ba har muka dawo.

Muka sauya jirgi a ƙasar Larabawa, muka sauka Dhaka ana tsakiyar damina. Kai! Iskar garin kamar an jiƙa tsumma da ruwan zafi an rufa maka a fuska. Ni da nake zagin cunkoson Beltway, babbar hanyar da ta kewaye Washington, kullum, ranar na nemi gafararsa. Manyan bas-bas duk jikinsu a goge yake saboda gugar juna, ga adaidaita koraye da aka kewaye da ragar ƙarfe kamar kejin kaji, ga keken haya na ƙafa ba iyaka. Masu tuƙa keken nan su suka tsaya mini a rai. Dattijo ne za ka gani, ƙafafunsa kamar sillen kara, ya ɗaura leda a ka, yana jan ƙato biyu da buhunsu cikin ruwan da ya kai ƙwauri. Ni ma direba ne, amma da muka hau na kasa kallon bayan mutumin, na riƙa kallon gefe.

Gidan yayarsa muka sauka, cikin tsohon gari, inda lungu ba ya ɗaukar mutum uku a jere, wayoyin lantarki sun cukurkuɗe a sama sun tare hasken rana. Ta rungume shi tana kuka, tana shafa furfurar da ba ta san shi da ita ba. Aka kawo shinkafa da miyar wake da wani kifi da suke ji da shi, daɗi ba a magana, amma ƙayarsa ta fi gashin kai siriri, na ci rabi na miƙa wuya. Bayan cin abinci ya sa na buɗe akwatina, ya warware bargon. Yayar ta dubi dutsen, ta bi sunan da yatsa, sai ta tashi ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba. Na ɗauka mutuwar ce ta dawo mata sabuwa.

Washegari ya ce maƙabarta za mu. Ta ce a'a, an kwana ana ruwa, wurin ya caɓe, kuma abin kunya ne baƙo ya taho daga uwa duniya a fara kai shi wurin matattu. Ta haɗa mu da mijinta, wani tsohon malamin makaranta marar yawan magana, ya kai mu bakin kogin Buriganga. Jiragen ruwa masu hawa uku suna ta sauke mutanen ƙauye da ƙunshinsu a ka, ƙananan kwale-kwale suna kurɗawa tsakaninsu kamar ba a mutuwa. Ruwan kuwa baƙi ƙirin a gefe, warinsa irin na majema, wanda duk ya taɓa bi ta unguwar majema a gida ya san abin da nake nufi. Duk da haka mata suna wanki a ciki. Mun sha shayi mai madarar gwangwani da wata busasshiyar gurasa da ake gasawa a tanderu, dala ɗaya ta biya mana duka har da canji. Samari suka yi mini caa, kowa yana son hoto da baƙar fata. In na ce Nijar, sai su ce Najeriya, na gaji da gyarawa na bar su a haka. Abokina kuwa yana ta duban agogo.

Rana ta biyu ma haka. Yayar ta ce yau Juma'a ce, maƙabarta cike take, a bari. Aka kai mu masallatai na da, aka ba ni ganyen da suke taunawa kamar yadda muke tauna goro, bakina ya yi jawur, kaina ya juya. Daga nan muka shiga Lalbagh, wata tsohuwar ganuwa ta jan bulo da sarakunan da suka fara ginawa ba su ƙarasa ba. Aka ce 'yar gwamnan lokacin ce ta rasu, uban ya ji wurin ya fita masa a rai, ya bar aikin. Kabarinta yana tsakiyar lambu, an lulluɓe shi da farin dutse, fiye da shekara ɗari uku, har yau ana share shi ana ba furanninsa ruwa. Abokina ya tsaya a gabansa ya daɗe. Ya ce mini, "Ka ga, irin wannan dutsen ne na sa aka yi mata." Mijin yayar ya juya baya yana goge tabarau. A nan ne na fara zargin akwai abin da ake ɓoye masa.

Rana ta uku bai tsaya shan shayi ba. Ya saɓa dutsen a kafaɗa da bargonsa, ya ce wa yayar, "Yau ko ruwan wuta ake yi sai na je." Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi.

'Yan uwa, ban taɓa ganin maƙabarta irin wannan ba. Kaburbura a manne da juna kamar kunyoyin gyaɗa, ba wurin aza ƙafa sai ka yi a hankali. Mafi yawansu ɗan shingen gora ne da guntun kwano da aka rubuta suna a jiki. Muna ciki aka shigo da gawa, kafin a rufe ta an shigo da wata. Mijin yayar, da ya rako mu, yana gaba yana jan ƙafa, har ya tsaya kusa da katanga, gindin wata bishiya. Kabarin da ke wurin ɗanye ne, ƙasarsa ba ta ma kwanta ba. Abokina ya sunkuya ya karanta kwanon. Sunan namiji ne.

Mijin yayar ya yi magana da yarensu, murya ƙasa-ƙasa, daga baya ya maimaita mini da Turanci. Ƙasa ta yi wa garin nan kaɗan. In aka binne talaka, bayan kamar shekara biyu sai a sake tona wurin a sa wani. Abokina ya san da wannan al'ada, shi ya sa tun farko ya roƙi a kama mata wurin na dindindin, yayar kuma ta ce masa an kama. Ba a kama ba. Sun yi ta zirga-zirga abin bai yiwu ba, wata rana suka zo ziyara suka tarar an sa wani. Wannan na sama ma ba shi ne na farko ba. Yayar ta kasa faɗa masa, tana jin yadda yake shi kaɗai a ƙasar mutane ga hawan jini. Duk sanda ya tambaya a waya sai ta ce kabarin yana nan lafiya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya tsaya da dutse a kafaɗa, ruwa yana sauka a kansa. Ni da shegen bakina na ga ya kamata in ce wani abu. Na ce masa a wurinmu ko suna ba a sawa, fasasshiyar tukunya ce kawai, damina biyu ta shafe wurin, addu'a kuma tana isa daga ko'ina. Ya dube ni ya ce, "Ku kun san haka tun farko, kun haƙura. Ni shekara huɗu da wurin nan nake kwana nake tashi."  Muka ɗaga hannu muka yi wa mahaifiyarsa addu'a, da mutumin da ke sama, da wanda ke tsakaninsu da ba mu san ko wane ne ba. Mai haƙa kabari yana tsaye a gefe da fartanyarsa yana jira mu ba da hanya.

Da muka koma gida na zaci za a yi tashin hankali. Ko kaɗan. Yayar ta kawo abinci, ya karɓa ya ci, ya raba tsarabar da ya kawo, kowa ya ba shi nasa. Amma har muka bar garin bai ɗaga ido ya dube ta ba, ita ma ba ta daina kallonsa ba, abin ya fi faɗa ciwo. Ta ce ya bar dutsen a wurinta. Ya ce, "A kafa shi a ina?" Haka ya koma cikin akwatina.

Muka kamo hanyar dawowa. A Dulles na miƙa masa bargon, ya ja da baya ya ce in riƙe masa tukuna, ba zai iya shiga da shi ɗakinsa ba. Na kawo shi Largo, na buɗe wurin ajiyar kayana don in sa shi, sai na yi arba da akwatunan da na tara: atamfofi, turare, takalma, man shafawa na ciwon gwiwa da har ya kusa lalacewa. Duk na tsohuwata ne da ke Damagaram da danginta. Ni takarduna sun daɗe da fitowa, ba wanda ya tare mini hanya. Shekara bakwai ina cewa ba a shiga gida daga Amurka hannu rabbana, sai kaya sun cika, kowace shekara kuma dangi ƙaruwa suke yi. Abin da Dhaka ta koya mini ke nan, ba kogi ba, ba ganuwa ba: abokina jira aka tilasta masa, ni kuwa da kaina na zaɓa.

Na jingina dutsen a jikin akwatunan, na sayi tikitin Yamai a ranar, sannan na buga wa tsohuwata waya. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, sai ta ce, "Kai ne?" Na ce, "Ni ne, Inna. Ina nan tafe ƙarshen wata, kuma ba wani kaya zan riƙo ba."

 Ta ce, "Lafiya dai? Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu, Inna. Shi ya sa zan zo yanzu."